Tambayoyi da amsoshi kan nazarin hoton mama da kwamfuta don ƙiyasta haɗarin sankara

Tun da aka fara tantance mata da hoton mamogiram, tambaya ɗaya ake so ya amsa: shin akwai sankara a cikin wannan mama a yau? A 'yan shekarun nan masu bincike sun ɗora masa aiki na biyu, wato a miƙa wa kwamfuta hoton da likita ya riga ya ce lafiya lau yake, ta nazarce shi, ta faɗi yiwuwar mai hoton ta kamu da cutar nan da shekara biyar. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda mata da iyalansu suka fi maimaitawa idan aka zo kan wannan batu.

1. Mene ne hoton mamogiram, kuma me ake gani a cikinsa?

Hoto ne na eksire mai ƙarancin ƙarfi wanda aka keɓe domin duba mama. Ma'aikaciyar ɗaukar hoto tana ɗora maman a kan faranti, wani farantin ya sauko ya matse shi na 'yan daƙiƙoƙi domin naman ya baje, a ɗauka daga sama zuwa ƙasa, sannan a sake ɗauka a karkace yadda hoton zai kamo har gefen hammata. Kowane mama yana samun hoto biyu, jimla huɗu ke nan. A jikin hoton, kitse yana fitowa da duhu, yayin da naman da ke samar da ruwan nono da zaruruwan da ke riƙe da shi suke fitowa fari. Ƙari ma fari yake fitowa, haka nan ƙananan ɗige-ɗigen sinadarin kalsiyam waɗanda wani lokaci su ne alamar farko ta cutar. Wannan kamanceceniya ta fari da fari ita ce tushen matsalar da aka yi bayani a tambaya ta 4.

2. Wane bambanci ne tsakanin gano sankara da ƙiyasta haɗarin kamuwa da ita?

Ayyuka biyu ne da mutane suke yawan haɗa su wuri guda. Na farko shi ne taimaka wa likitan hoto ya hango ƙarin da ya riga ya samu. Wannan ya daɗe: hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da irin wannan manhaja tun 1998, sai dai wani babban nazari da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa waɗancan manhajojin farko ba su ƙara wa likitoci ƙwarewar gano cutar ba. Sababbin manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira sun fi su nesa ba kusa ba. A gwajin MASAI da aka yi a Suwidin kan mata sama da 80,000, wanda sakamakonsa na farko ya fito a 2023, an gano sankara fiye da yadda aka saba da kashi 20 cikin 100, kuma aikin karanta hotuna ya ragu wa likitoci da kashi 44 cikin 100.

Aiki na biyu, wanda shi ne batun wannan shafi, yana farawa ne daga inda na farko ya tsaya. Hoton ba shi da wani abin tuhuma, an sallami matar, amma manhaja tana fitar da wani adadi da ke nuna ko tana cikin matan da cutar ta fi yawan ɓullo musu a shekaru masu zuwa. Ba a fara maganin sankara saboda wannan adadi. Ana amfani da shi ne wajen tsara yadda za a riƙa duba matar.

3. Kafin zuwan wannan fasaha, yaya likitoci suke ƙiyasta haɗarin?

Da tambayoyi suke yi. Tsarin da ya fi shahara shi ne na Gail, wanda Mitchell Gail na Cibiyar Binciken Sankara ta Ƙasa a Amurka ya fitar tare da abokan aikinsa a 1989. Yana tambayar shekarun mace, shekarun da ta fara al'ada, shekarunta lokacin haihuwar fari, adadin masu cutar a cikin uwa da 'yan'uwa mata da 'ya'ya mata, da kuma ko an taɓa ɗebo tsokar mamanta don gwaji. A 2004 aka fitar da tsarin Tyrer-Cuzick a Birtaniya, wanda ya zurfafa kan tarihin dangi ya kuma shigo da nauyin jiki da tsawo da shan magungunan homon bayan ɗaukewar al'ada.

Waɗannan tsare-tsare sun yi amfani, amma suna da rauni a bayyane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu sankarar mama ba su da wani dalili na musamman da za a nuna, in ban da kasancewarsu mata da kuma shekaru. Wadda ake gada ta hanyar lahani a ƙwayoyin halitta ba ta wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na dukkan masu cutar ba. Ga shi kuma amsoshin sun dogara da abin da mace ta sani game da danginta, alhali a gidaje da yawa ba a faɗin sunan ciwon da ya yi ajalin kaka ko inna, wani lokaci ma ba a taɓa tantance shi ba.

4. Ana yawan maganar cunkoson naman mama. Mece ce alaƙarsa da wannan batu?

Shi ne mafarin tunanin gaba ɗaya. A 1976 wani likitan hoto ɗan Amurka mai suna John Wolfe ya nuna cewa yanayin yadda nama yake shimfiɗe a hoton mama yana da alaƙa da yiwuwar kamuwa da sankara. A yau likitoci suna kasa mama gida huɗu, daga A wanda kusan duka kitse ne, zuwa D wanda farin nama ya cika shi maƙil. Kimanin mace ɗaya cikin goma ce take rukunin A, ɗaya cikin goma a rukunin D, sauran kuma suna tsakiya. Wani nazari da Norman Boyd ya jagoranta a Kanada, wanda ya fito a 2007, ya gano cewa matan da farin nama ya mamaye kashi 75 cikin 100 na hotonsu ko fiye suna da haɗarin da ya ninka na waɗanda nasu bai kai kashi 10 ba fiye da sau huɗu.

Cunkoson yana cutarwa ta fuska biyu: yana ƙara haɗarin, yana kuma ɓoye ƙarin idan ya fito. Saboda haka ne tun daga watan Satumba na 2024 doka ta wajabta wa cibiyoyin ɗaukar hoton a Amurka su sanar da kowace mace ko mamanta mai cunkoso ne. Amma rukuni huɗu ma'auni ne mai kaushi, kuma likitoci biyu kan kalli hoto ɗaya, wannan ya ce B, wancan ya ce C. Daga nan ne masu bincike suka yi tunanin cewa idan idon ɗan Adam ya iya tsamo bayani mai amfani haka daga hoton, to tabbas akwai sauran bayanin da ido ba ya kai wa gare shi. Ba a gane cunkoso da taɓawa ko da girman mama. Sai a hoto.

5. Ta yaya manhaja take koyon wannan aiki?

Ana tara hotunan mata na shekarun baya waɗanda an san abin da ya faru da kowaccensu daga baya, wato wadda ta kamu bayan shekara biyu, wadda ta kamu bayan huɗu, da wadda ba ta kamu ba. Ana nuna wa manhajar hoto ta yi hasashe, a gwada hasashen da abin da ya faru a zahiri, ta gyara lissafinta, a sake nuna mata wani, haka ake maimaitawa har sai kuskurenta ya ragu. Babu wanda yake gaya mata ta duba nan ko can. Ita da kanta take tsamo siffofin da suka fi yawan zuwa gabanin cutar.

Misalin da aka fi sani shi ne Mirai, wadda masu bincike na jami'ar MIT da asibitin Massachusetts General suka ƙera, cikinsu har da Regina Barzilay da Adam Yala da Constance Lehman, aka wallafa bayaninta a 2021. An horar da ita da gwaje-gwajen mamogiram sama da 200,000 na wannan asibiti, sannan aka jarraba ta da hotunan cibiyar Karolinska a Suwidin da asibitin Chang Gung a Taiwan. Tana haɗa hotunan nan huɗu wuri guda, ta fitar da ƙiyasi na kowace shekara daga ta farko zuwa ta biyar. Ita kanta Barzilay masaniyar kwamfuta ce da ta juya ga wannan fage bayan an gano tana da sankarar mama a 2014.

6. Me manhajar take gani wanda likita bai gani ba?

Manhajar ba ta zana da'ira a wuri guda ta ce ga dalilinta, kuma wannan yana cikin abubuwan da suke sa likitoci taka-tsantsan da ita. Duk da haka bincike ya fara haska hanyar. Idan likitan hoto ya zauna gaban allonsa, yakan jera hoton dama da na hagu baya da baya kamar fukafukai biyu, yana neman inda suka saɓa. A 2024 masu bincike a jami'ar Duke suka nuna cewa kaso mai tsoka na ƙarfin Mirai yana fitowa ne daga irin wannan kwatanci, domin sun gina wata manhaja mai sauƙi da ke auna bambancin dama da hagu kawai, ta kuma kusa kamo Mirai a daidaito.

Akwai kuma wani abin lura: ƙiyasin manhajojin ya fi dacewa a shekara ta farko da ta biyu, yana raguwa yayin da aka nufi ta biyar. Wannan yana nuna cewa abubuwa biyu suke cakuɗe a cikin adadin. Wani ɓangare alamun sankarar da ta riga ta fara ne amma ba ta isa ido ya gan ta ba, wani ɓangaren kuma yanayin naman ne da ya fi saurin haifar da cutar. Ga matar da aka ba sakamakon, duka biyun suna kai wa ga shawara ɗaya, wato a ƙara sa ido, kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 9.

7. Yaya ingancin ƙiyasin yake idan aka gwada shi da tsofaffin hanyoyi?

Ga yadda ake auna shi. A ɗauko mata biyu, ɗaya ta kamu daga baya, ɗaya ba ta kamu ba, a ce wa manhaja ta nuna wadda ta fi haɗari. Idan kintace kawai take yi, za ta dace sau 50 cikin 100. Idan ba ta kuskure sam, sau 100. A nazarin 2021, Mirai ta dace sau 76 zuwa 81 a asibitoci ukun da aka ambata a tambaya ta 5. A asibitin Massachusetts General, cikin matan da suka kamu a tsawon shekara biyar, ta riga ta sanya kashi 41.5 cikin 100 a rukunin masu haɗari mai yawa, yayin da tsarin Tyrer-Cuzick ya sanya kashi 22.9 kacal.

Wani nazari mai zaman kansa da aka yi a cibiyoyin Kaiser Permanente na arewacin Kalifoniya, wanda ya fito a 2023, ya ba da alƙaluma masu sanyaya ɗoki. An gwada manhajoji biyar a kan hotunan da aka ce ba su da komai, suka dace sau 63 zuwa 67, tsarin tambayoyin da aka gwada su da shi kuma ya dace sau 61. Alƙaluma suna bambanta bisa ga matan da aka nazarta da kuma ko an haɗa da sankarar da aka gano nan take ko an cire ta. Abin da ya tabbata a nazarce-nazarcen shi ne hoton ya fi tambayoyi, haɗa su biyun kuma ya fi kowannensu shi kaɗai. Ci gaba ne na gaske, amma a ganina duk wanda ya tallata shi a matsayin na'urar da ke sanin wace ce za ta kamu ya wuce gona da iri, kuma irin wannan talla tana iya jefa mace cikin fargabar da babu dalilinta.

8. Idan sakamakona ya nuna haɗari mai yawa, ina da sankara ke nan?

A'a. Sakamakon yakan zo ne a matsayin kaso, misali a rubuta cewa haɗarinki na shekara biyar kashi 3 cikin 100 ne. Ma'anarsa ita ce idan aka tara mata 100 masu hoto irin naki, ana sa ran uku daga cikinsu za su kamu a tsawon wannan lokaci, 97 kuma ba za su kamu ba. Kamar hasashen ruwan sama ne, wanda yake faɗin yadda hadari irin wannan ya saba ƙarewa ba tare da ya san rufin da ɗigon farko zai sauka a kai ba.

Abin da ya sa ake kiran kashi 3 da yawa shi ne ya zarce na yawancin matan da suke shekaru ɗaya da ke. A Amurka an daɗe ana ɗaukar kimanin kashi 1.7 cikin 100 na shekara biyar a matsayin iyakar da haɗari ya fara hawa, sannan kashi 20 cikin 100 na tsawon rayuwa a matsayin iyakar da ake ba da shawarar ƙarin hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da ƙarfin maganaɗisu maimakon eksire. Yana da kyau ki nemi a faɗa miki adadin kansa tare da na sa'o'inki, domin kalmar "mai yawa" ita kaɗai ta fi alƙalamin ban tsoro.

9. Me likita zai iya yi da sakamako mai nuna haɗari?

Abu na farko shi ne ƙara yawan dubawa ko sauya irinta, musamman a haɗa da MRI, wanda cunkoson nama ba ya rufe masa ido kamar yadda yake yi wa mamogiram. Gwajin DENSE da aka yi a Holan, wanda ya fito a 2019, ya nuna cewa gayyatar mata masu tsananin cunkoso zuwa MRI ta rage sankarar da ke ɓullowa tsakanin tantancewa biyu daga 5 zuwa 2.5 cikin kowace 1,000. Sai dai MRI yana da tsada, na'urorinsa kaɗan ne, kuma ba zai yiwu a yi wa kowa ba. A nan ne amfanin manhajar ya fi fitowa fili. A gwajin ScreenTrustMRI na Karolinska, wanda aka wallafa a 2024, manhaja ta zaɓo kimanin kashi 7 cikin 100 na matan da hotonsu bai nuna komai ba, kuma cikin waɗanda aka yi wa MRI an gano sankara 64 a kowace 1,000, kusan ninki huɗu na abin da aka samu lokacin da aka yi zaɓen bisa cunkoso kawai. Waɗannan mata ne da aka riga aka sallama da albishir ɗin lafiya.

Abu na biyu shi ne maganin rigakafi. Wani gwaji da aka kammala a Amurka a 1998 ya nuna cewa maganin tamoxifen ya rage kamuwa da kusan rabi a tsakanin mata masu haɗari, amma yana iya haddasa daskarewar jini a jijiya da sankarar mahaifa, don haka ba a fara shi sai an auna riba da illa tare da likita. Ƙarin dubawa ma yana da nasa nauyin: MRI yakan nuna abubuwan da ba sankara ba ne, a kira mace ta dawo, a soka allura a ɗebo nama, ta yi kwanaki tana jiran sakamako, a ƙarshe a ce babu komai.

10. Idan ya nuna haɗari kaɗan fa, zan iya daina zuwa tantancewa?

Ba za ki daina ba. Mata masu ƙaramin haɗari su ne mafi yawa, saboda haka kaso mai yawa na masu cutar daga cikinsu yake fitowa, kamar yadda alƙaluman tambaya ta 7 suka nuna. Ƙa'idojin ƙasashe suna nan yadda suke: a Amurka kwamitin ƙwararru kan rigakafi ya ba da shawara a 2024 cewa a riƙa yin hoton duk bayan shekara biyu daga shekara 40 zuwa 74, a Ingila kuma ana gayyatar mata duk bayan shekara uku daga 50 zuwa 71. An kafa manyan gwaje-gwaje irin su WISDOM a Amurka da MyPeBS a Turai domin a auna ko tsara tazarar bisa haɗarin kowace mace ya kai tsarin shekaru aminci.

Ga abin da ya fi komai muhimmanci a wannan shafi: ƙiyasin na macen da ba ta jin komai ne. Duk wadda ta ji ƙullutu a mama ko hammata, ko ta ga kan nono ya shige ciki, ko jini yana fita daga gare shi, ko fatar ta lotsa ko ta yi kaushi, to ta je a duba ta ba tare da jinkiri ba, ko da jiya aka ce mata haɗarinta kaɗan ne.

11. Shin manhajar tana aiki daidai ga mata na kowane jinsi da kowace ƙasa?

Wannan tambaya ce da ta cancanci a nace a kanta. Tsarin Gail na asali an gina shi ne da bayanan fararen mata na Amurka, daga baya aka gano yana rage ƙiyasin haɗarin baƙaƙen mata, waɗanda mace-macensu daga cutar a wannan ƙasa ya zarce na fararen da kimanin kashi 40 cikin 100. Manhaja ma tana iya gadon irin wannan gurguncewa idan hotunan da ta koya da su na al'umma ɗaya ne. Da aka jarraba Mirai a asibitoci bakwai na ƙasashe biyar, wato Amurka da Isra'ila da Suwidin da Taiwan da Birazil, ingancinta bai faɗi ba, har da a tsakanin baƙaƙen mata na asibitin Emory da ke Amurka, kuma wannan abin ƙarfafa gwiwa ne.

Amma iya jera mata daga mai ƙaramin haɗari zuwa mai babba daban yake da ba da adadin da ya dace. Yawan kamuwa da cutar da shekarun da take kama mata sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka kashi 3 da aka lissafa bisa wata al'umma yana iya zama ƙasa ko sama da haka a wata. Na'urorin ɗaukar hoto na kamfanoni daban-daban ma suna fitar da hoto mai yanayi daban. Asibitin da zai ɗauki manhaja ya kamata ya fara gwada ta da hotunan matan da yake dubawa. Cutar ta kama mata miliyan 2.3 a duniya a 2022 ta kuma kashe kimanin 670,000, kuma a wuraren da mace-macen suka fi yawa abin da ya fi ƙaranci shi ne hoton kansa da saurin samun magani. Manhaja ba ta da abin karantawa idan ba a ɗauki hoto ba.

12. Akwai ƙarin haskawa ko ƙarin matsewa saboda wannan nazari?

Babu. Hotunan da aka riga aka ɗauka ake tura wa manhajar. Ƙarfin hasken mamogiram guda kimanin 0.4 ne a ma'aunin milisibat, daidai da abin da jiki yake sha daga muhalli a cikin mako bakwai.

13. Zai iya maye gurbin gwajin ƙwayoyin gado?

Ba zai iya ba, domin abin da suke aunawa daban ne. Gwajin jini ko yawu yana neman lahani a ƙwayoyin halitta irin su BRCA1 da BRCA2, waɗanda aka gano a 1994 da 1995. Macen da ta gaji irin wannan lahani haɗarinta na tsawon rayuwa ya haura kashi 60 cikin 100, ya kuma shafi sankarar ƙwan mace, sannan yana da ma'ana ga 'yan'uwanta da 'ya'yanta maza da mata. Ana fara duba irinta tun tana ƙasa da shekarun fara mamogiram. Wadda cutar ta kama mutum biyu ko fiye a danginta na kusa, ko ta kama wata tana ƙuruciya, ko ta kama namiji a gidan, ya kamata ta nemi shawarar gwajin gado komai ƙanƙantar adadin da manhaja ta ba ta.

14. An fara amfani da ita a asibitoci, kuma me ya kamata in tambaya idan aka yi mini tayinta?

An fara, amma a wurare ƙalilan. A 2025 hukumar FDA ta ba manhajar Clairity Breast izini, ta zama ta farko da aka amince ta ƙiyasta haɗarin shekara biyar daga hoton mamogiram kaɗai. Izinin hukuma yana nufin manhajar tana yin abin da aka ce tana yi. Tabbatar da cewa amfani da ita yana rage mutuwa aiki ne na gwaje-gwajen da ke bin mata shekaru masu yawa.

Idan aka yi miki tayin, ki tambayi sunan manhajar da ko wata hukuma ta amince da ita, da kuma ko an gwada ta a kan mata irinki, kamar yadda aka tattauna a tambaya ta 11. Ki tambayi wanda zai zauna ya yi miki bayanin sakamakon, da abin da asibitin zai iya yi miki idan adadin ya hau, domin ƙiyasin da babu MRI ko ƙarin dubawa a bayansa damuwa kawai zai ƙara miki. Ki kuma tambayi inda ake tura hotunanki, ko ana cire sunanki da ranar haihuwarki kafin su fita daga asibitin, tsawon lokacin da ake ajiye su, da ko za a yi amfani da su wajen horar da wata manhaja, wanda bai kamata a yi ba sai da amincewarki ko bisa ƙa'idar da dokar ƙasarki ta shimfiɗa.